TARIHIN HULAR KWARASHI: Baƙuwar Da Ta Zama 'Yar Gida A Tudun Wada



Duk wanda ya saba fita sallar Asuba a nan unguwarmu cikin watan Disamba ko Janairu, sa'ad da hunturu ya buso, ya san abin da zai gani a sahu. Kawunan dattawa da samari da 'yan yara duk a rufe, wani da farar hula mai ido-ido, wani da mai kauri wadda ta sauko har kunne. Mai shayi na sanye da ita, ɗan kabu-kabu na sanye da ita, maigadi ma da ita ya kwana. Saboda tsananin sabo, ba mu cika tsayawa mu tambayi inda wannan hula ta fito ba, balle mu tambayi hannun da ya saƙa ta. To, wannan tambaya ce muka ɗauko a fitowarmu ta wannan karo, domin tarihin hular ya yi kama da namu ƙwarai. Ita ma baƙuwa ce da ta biyo hanya, ta sauka, ta yi aiki, har ta zama 'yar gida. Kuma a yau sana'ar saƙa ta tana neman kuɓuce wa iyayenmu mata da matanmu muna ji muna gani.

HULA A WURIN BAHAUSHE

Kafin mu shiga batun saƙa, ya kamata mu tuna matsayin hula ita kanta. A tarbiyyar da muka taso da ita, namiji ba ya zuwa gaban manya kai ba hula. Ba a zuwa gaisuwar surukai haka, ba a zuwa fada haka, ba a zuwa ɗaurin aure haka. Yaro in ya fito tsakar gida da sabuwar rigar Salla, abu na farko da kakarsa za ta ce shi ne, "Kai, ina hularka?" Wato dai kwalliyar namiji ba ta cika sai da ita.

Hulunanmu na gado kuwa yawancinsu ɗinki ne. Akwai haɓar-kada, akwai ƙube, akwai zanna-bukar da damanga da sauran waɗanda ake yi wa aikin allura a kan farin ƙyalle. Akwai kuma malafa, wadda ake saƙawa da kaba don rana da ruwa. Saƙar da kakanninmu suka sani ita ce ta masaƙa, wadda ke ba da sawaye da zane da gwado, sai kuma saƙar tabarma da faifai. Amma a ɗauki zare guda ɗaya tilo a yi ta sarƙafa shi da ƙugiya har ya zama hula, ba tare da an yanka ƙyalle ko an ɗinka ba, wannan daga baya ya shigo mana, kuma ta hanyoyi uku ya biyo.

HANYA TA FARKO: SAHARA

Da yawanmu za su yi mamaki in aka ce musu jan dara, wadda sarakuna da attajirai ke sawa, asalinta saƙaƙƙiyar hula ce. Dara ta ainihi daga birnin Tunis take fitowa, kuma masana tarihi suna danganta bunƙasar sana'arta da Musulmin Andalus da aka koro daga ƙasar Sifen tun daga 1609, suka sauka a can. Mata ne ke saƙa ta a gidajensu da farin ulu na gashin tumaki, ta fito ƙatuwa, sako-sako. Daga nan sai a kai ta ruwa a yi ta dukanta har ta tsuke ta yi kauri, idanun saƙar su ɓace gaba ɗaya. Sannan a taje ta, a rina ta ja, a ɗora ta a kan ma'auni ta ɗauki siffar kai. Shi ya sa in ka duba dara ba ka ganin alamar zare.

Fataken Larabawa ne suka riƙa ƙetaro da ita Sahara ta Tarabulus da Gadamas da Gat, har zuwa Katsina da Kano da Borno, tare da alkyabba da takarda da turare. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya tarar da kasuwar birnin cike da kayan Arewacin Afirka da na Turai, Kano kuma tana aika nata baƙin rini zuwa ƙasashe masu nisa. Daga baya masana'antun Turai, musamman na garin Strakonice a ƙasar Cek, suka shiga buga dara da inji suna aikowa Afirka ta Yamma da araha. Mu riƙe wannan a zuciya, domin abin da inji ya yi wa dara shi ne yake neman maimaitawa yau a kan hular kwarashi.

HANYA TA BIYU: JIRGIN ƘASA DA MAKARANTA

Ita saƙar kwarashi, yadda muka san ta, ba ta da daɗewa ko a Turai. A ƙarni na 19 ta yaɗu, kuma a shekarun 1820 aka fara buga bayanin yadda ake yin ta a wata mujallar mata ta ƙasar Holan. Da yunwa ta afka wa ƙasar Ayalan daga 1845, mata da yara da dama da wannan ƙugiya suka riƙa neman abin sawa a baka. Ke nan tun farkonta sana'ar rufin asiri ce. Sunan ma da muke kiranta da shi daga bakin Turawa muka ɗauka muka gyara shi yadda harshenmu zai iya, asalinsa kuwa kalmar Faransanci ce mai nufin 'yar ƙaramar ƙugiya.

To, a nan ne labarin ya haɗu da namu. Minna ƙasar Gbagyi ce, waɗanda muke kira Gwari, kuma su muka tarar. Abin da ya mai da ita matattarar baƙi shi ne jirgin ƙasa. Layin dogo da aka ɗauko daga Baro a bakin Kwara ya ratsa ta nan ya isa Kano a 1911, kuma a nan Minna ne layin da ya taso daga Ikko ta Jebba da Zungeru ya zo ya haɗe da shi. Kakanninmu suka biyo dogon, wasu leburori, wasu fataken goro, wasu mahauta da maɗinka da malamai, daga Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato da Borno. Nufawa suka zo, Yarabawa da Ibo da sauran mutanen Kudu suka zo a matsayin akawuna da ma'aikatan jirgi. Sunan Tudun Wada ma shaida ne, don a Zariya da Kaduna da Kano duk akwai unguwanni masu wannan suna, inda baƙi 'yan Arewa suka sauka. Da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976, zamanin Janar Murtala Muhammed, aka mai da Minna babban birninta, sai ma'aikata suka ƙara kwararowa, unguwar ta cika ta batse. Yau ga shi har mazaɓu biyu ke ɗauke da sunan a Ƙaramar Hukumar Chanchaga, Tudun Wada ta Arewa da ta Kudu.

A irin wannan gari na cuɗanya, sana'a ba ta zama a gida ɗaya. Matan ma'aikatan da suka yi makarantun mishan a Kudu sun zo da ɗinki da saƙa a hannunsu. A Arewa kuma, gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina a 1930, sannan aka buɗe ta horar da malamai mata a Sakkwato a 1939, kuma aikin hannu na cikin manyan darussansu. Iyaye da yawa da ba su yarda da boko ba, sun fi sakin jiki in suka ga 'yarsu ta dawo da abin da hannunta ya yi. Yarinya guda in ta koya, ta koya wa ƙannenta, ta yi aure ta kai gidan miji, kishiya ta gani ta koya, maƙwabciya ta leƙo ta katanga ita ma ta ɗauka. Haka kwarashi ya shiga cikin gidajen kulle ba tare da an yi masa shela ba.

Da farko kayan jarirai aka fi yi da shi. Wace ce a cikin iyayenmu ba ta taɓa kai hula da safa da 'yar riga gidan barka ko suna ba? Sai marufin kwano da shimfiɗar tebur da adon kujera. Daga hular jariri aka hau ta yaro, daga ta yaro aka hau ta maigida.

HANYA TA UKU: MAKKA

Abin da ya sa babban mutum ya karɓi saƙaƙƙiyar hula ba tare da jin kunya ba shi ne aikin Hajji. A da, tafiyar ƙasa ake yi ta Chadi da Sudan, a shekara da shekaru a hanya. Daga shekarun 1950 jirgin sama ya fara ɗaukar alhazai daga Kano. Da kuɗin man fetur suka shigo, aka kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, har a 1977 maniyyatan Nijeriya suka haura 100,000. Kowane alhaji kuwa ba ya dawowa hannu rabbana. Ga dabino, ga zamzam, ga carbi, ga kuma fararen huluna masu ido-ido dami guda, a raba wa 'yan'uwa da yaran unguwa.

Wannan tsaraba ita ta ɗaga darajar hular. Ta zama ta masallaci da makarantar allo da Islamiyya, ana sa ta ita kaɗai, ana kuma sa ta ƙarƙashin rawani ko babbar hula don ta tsotse gumi. Bahaushe da ba ya rasa suna, da ya ga yadda take lafewa a kai ba ta motsi, sai ya raɗa mata tashi-ka-fiya-naci. Matanmu kuma suka karɓi ta Makka suka juya ta ciki da bai, suka ƙirga idanunta, suka saƙa irinta da farin zaren auduga. Ba a daɗe ba ta gida ta fara gogayya da ta tsaraba.

YADDA AKE FITAR DA ADO

Ga waɗanda ba su taɓa zama kusa da mai saƙa ba, bari mu ɗan yi bayani, don a san abin da ake biya in an sayi hula. Daga tsakiyar kai ake farawa. Za a yi 'yar sarƙa a haɗe bakinta ta zama zobe, sannan a riƙa kewayawa ana ƙara ido a kowane zagaye, har faifan ya kai faɗin kan mai hular. Daga nan sai a daina ƙari, saƙar ta fara saukowa da kanta ta zama bango. In ƙarin ya yi yawa hula ta yi tattara, in ya yi kaɗan ta tsuke kamar ƙoƙo. Ba littafi iyayenmu ke dubawa ba, da ido da tafin hannu suke awo.

Wajen bangon nan ne gwanaye ke nuna kansu. In ana son hular zafi, sai a riƙa tsallake ido ana barin ƙofofi don iska ta shiga. In ta hunturu ce, sai a soka ƙugiyar ta kewaye jikin saƙar da ke ƙasa, sau ɗaya ta gaba, sau ɗaya ta baya, sai ka ga tudu da kwari sun fito a jere kamar kunyoyin gona. Irin wannan ita ke kama kai ta kuma riƙe ɗumi. Akwai kuma inda ake tara zare sau huɗu ko biyar a ido ɗaya a ɗaure su tare, sai wani ɗan dunƙule ya taso, a jera su su ba da zane. Baki kuma a tsuke shi don kada ya saki bayan wanki. Ta maza ba a cika mata launi ba: fari, baƙi, ruwan toka, ruwan ƙasa, shuɗi mai duhu. Ta yara ce ake sakar wa hannu, har a ɗora mata tuntu a ka.

Duk wannan aiki a tsakanin girki da wanki da reno ake yinsa. Abin da ya sa sana'ar ta dace da matan aure ke nan: jarinta kwarashi ɗaya da ƙullin zare, ba ta son rumfa, ba ta son wutar lantarki, ana ajiye ta a ɗauka. Yara su kai talla bakin masallacin Juma'a ko tasha, ko dillaliya ta zaga da ita gida-gida. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta yi rubutu a 1969 a kan irin wannan ciniki na matan Hausawa, ta kira shi ɓoyayyen ciniki, don ba a ganinsa a kasuwa amma yana juya kuɗi masu yawa. Mu kam ba ɓoyayye ba ne a wurinmu. Da yawanmu da kuɗinsa aka saya mana littafi da fensir, da shi aka zuba adashin da ya yi kayan ɗakin yayyenmu mata.

SHEKARUN MATSI

Amfanin sana'ar ya fi fitowa fili bayan 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, wanda a nan Minna aka haife shi, ta kawo shirin tsuke bakin aljihu da aka sani da SAP. Darajar Naira ta faɗi, albashi ya daina kai wata, kayan waje suka yi tsada, har da zaren ulu. Mun ga iyayenmu na sayen tsohuwar rigar sanyi a gwanjo, su warware ta, su wanke zaren su naɗe, su fitar da huluna uku ko huɗu daga ciki. A shekarun nan ne kuma aka fara ɗaukar sana'ar mata da muhimmanci a hukumance. A nan Minna aka kafa ƙungiyar mata Musulmi ta ƙasa, FOMWAN, a 1985, marigayiya Hajiya Aisha Lemu ce shugabarta ta farko. A 1987 marigayiya Maryam Babangida ta ƙaddamar da shirinta na kyautata rayuwar matan karkara, aka buɗe cibiyoyin mata a jihohi inda ake koyar da ɗinki da saƙa da yin sabulu. Kowa na da ra'ayinsa a kan gwamnatocin wancan lokaci, amma dai mata da yawa a can suka fara riƙe kwarashi.

Sai dai a daidai lokacin da hannaye suka ƙaru, kasuwa ta fara juyawa. Masaƙar Kaduna ta farko, KTL, wadda ta fara aiki a 1957 zamanin Sardauna, ta tsaya a 2002, UNTL ma ta dakatar da aiki a 2007. Audugar da ake nomawa a ƙasar Funtuwa da Gusau ta rasa masu sayenta na gida. Kayan Sin suka cika Kantin Kwari a Kano, daga can suka gangaro kasuwanninmu. Hular sanyi ta inji da ta gwanjo suka zo da farashin da ko kuɗin zaren ta gida bai kai ba.

Akwai wani abu kuma da ya kamata mu sani. Inji na iya saƙar tsinke, yana kuma iya kwaikwayon ta kwarashi, amma ainihin saƙar kwarashi har yau aikin hannu ce. Fararen hulunan da ake sayarwa a Makka da Madina, da yawansu daga ƙasashen Asiya ake kai su, kuma a ƙauyukan Bangaladash mata ne ke zaune a tsakar gida suna saƙa su kamar dai namu. Bambancin shi ne su an haɗa su da 'yan kasuwa masu ba su zare, su tattara hulunan, su fitar da su waje da yawa. Namu kuwa kowace tana fama ita kaɗai, ta sayi zare ƙulli ɗaya a farashin kiri, ta sayar da hula ɗaya bayan an taya ta kamar ana yi mata alfarma.

INA MUKA DOSA?

Kada wani ya ce ai sana'ar hula ta mutu. Dubi 'yan'uwanmu na Bama a Jihar Borno. Da 'yan Boko Haram suka mamaye garin a 2014, mutanensa suka watse zuwa Maiduguri da wasu garuruwa, ɗinkin hular nan da aka san su da ita na cikin abin da ya rufa wa mata da maza asiri a sansanonin gudun hijira. Tasu ta allura ce, tamu ta kwarashi, amma darasin ɗaya ne: abin da ke hannunka ba a ƙwace maka shi a hanya. Mu da kakanninmu suka baro garuruwansu da sana'a kawai a hannu, bai kamata a tuna mana wannan ba.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyarmu da iyayenmu mata a kan abubuwa huɗu. Na farko, a nemi tsofaffin gwanayen da suka rage a unguwa, a zauna da su, a ajiye samfurin kowane irin ado da sunan da suke kiransa da shi, tun kafin su tafi da shi. Da tsohuwar zuma ake magani. Na biyu, makarantun Islamiyya na matan aure da na 'yan mata su ware ko da awa ɗaya a mako don koyar da saƙa. Yara maza ma kada a hana su, don ai maza ne suka riƙe aikin allura na babbar riga tun fil azal, ba wanda ya ce abin kunya ne. Na uku, masu saƙa su haɗa kai su yi adashin zare, a sayo da yawa daga Kano a farashin sari, a kuma nemi masu makarantu su riƙa ba su kwangilar hulunan ɗalibai maimakon a sayo na waje. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu namu ne, mu maza. Mu ne masu sa hular, mu ne kuma masu karya mata farashi. Mutum zai biya kuɗi mai tsoka a kan hular kanti bai ce uffan ba, amma in yarinya ta kawo wadda uwarta ta kwana biyu tana saƙawa, sai ya tsaya yana ja-in-ja a kan canji. Wallahi wannan ba adalci ba ne. Araha dai ba ta ado. In hunturun bana ya kama, kafin ka nufi kasuwa, Malam, ka fara tambaya a cikin gidanka da gidan maƙwabcinka ko akwai mai saƙawa. Ka ba da awon kanka da na 'ya'yanka, ka biya kuɗin zare tun da wuri, ka biya ladan hannu ba tare da ƙorafi ba.

Duk mai wata tsohuwar hula ta gado a adaka, ko mai labarin wadda ta fara koyar da saƙa a layinsu, muna roƙon ya kawo wa kwamitin mujalla don mu ci gaba da tattara wannan tarihi. Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, Ya saka wa waɗanda ke raye da alheri, Ya sa albarka a sana'o'inmu baki ɗaya, amin.